Mai Fanka Uku

A gidanmu ko bokitin wanka ba a saya sai Yaya, babban wanmu, ya sa baki. Tun da Baba ya rasu haka abin yake, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, mutumin ya iya ciniki. Shi ya sayo firjin Mama, har yau yana sanyi kamar jiya aka kawo shi. Shi ya hana yayata sayen keken ɗinkin da ta ƙwallafa rai a kai, ya zaga kasuwa ya samo mata wanda ya fi shi a ƙasa da kuɗin. Daga nan Mama ta kafa doka: duk wanda ya tara wani abu a cikinmu ya kai wa Yaya ajiya, in sayayya ta tashi shi zai fita. Ni ce auta, don haka ni dokar ta fi kamawa. Na kusa shekara talatin, amma a bakin Mama har gobe ni ce yarinyar da ta taɓa zubar da kuɗin cefane a hanya.

Sana'ata zane ce a kwamfuta. Katin gayyatar biki, allon shago, takardar talla, irin aikin da za ki wuni a kai, mai shi ya zo ya ce a ƙara wa sunansa girma. A tsakanin waɗannan na koya wa kaina zanen gini, wanda mutum zai ga ɗakinsa tun ba a aza bulo ba, da kujeru da labule da hasken rana yana shigowa ta taga. Shi nake so, shi kuma nake fatan ya fitar da ni daga kusurwar falon Mama inda teburina yake, tsakanin firji da ƙofar kicin.

Sai Allah ya haɗa ni da Injiniya, wani mai ofishin zanen gine-gine a saman wani shagon fenti. Ya ga ɗan ɗakin kwanan da na zana, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce yana da aikin babban zauren taro na wani otel. In na zana shi mai otel ɗin ya gamsu, akwai tebur da albashi a ofishinsa. Ya ba ni zuwa ƙarshen wata. Na sauko daga benen nan ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Matsalar ɗaya ce, katin hoton kwamfutata. Wani allo ne da ake sokawa a cikinta, shi ke ɗaukar nauyin duk abin da ido ke gani. Nawa tsoho ne, in na ɗora masa ɗaki ɗaya sai ya yi ta nishi. Na riga na san wanda nake so. Ba na masu kuɗi ba ne, matsakaici ne, mai fanka biyu, amma ma'ajiyarsa giga goma sha shida ce. A irin aikina ma'ajiya ita ce komai, domin duk kujera da kafet da fitilar da ke cikin zane sai sun shiga cikinta a lokaci guda kafin hoto ya fito. Kuɗin da na tara a wurin Yaya sun isa, da ƙyar dai, amma sun isa.

Na same shi ranar da ya zo gaishe da Mama, yana zaune ya miƙe ƙafa yana shan shayi. Na yi masa bayani, har na nuna masa hoton katin a waya.

"Auta ke nan," ya ce. "Kin ga abu ɗaya kin tsaya a kansa. Bari in yi bincike."

Ni dai na san binciken Yaya. Yana da wata hanya da yake ji da ita: ya ɗauki farashin abu, ya raba shi da amfaninsa, wanda ya ba da lamba mafi ƙanƙanta shi ne gwani. Firji a raba da faɗin cikinsa, janareta a raba da ƙarfinsa. Ga katin hoto kuwa sai ya faɗa bidiyon masu wasan kwamfuta, waɗanda ke jera katuna suna auna hoto nawa kowanne ke fitarwa a daƙiƙa. Dama shi ma'abocin wasan tseren mota ne tun yana saurayi, har yanzu in ya taso daga aiki matarsa sai ta kira shi sau uku kafin ya ajiye abin wasan. Ya samu abin da ya haɗa masa lissafi da wasa, to wa zai tare shi?

Kullum sai ya turo mini saƙo. Wannan ya fi wancan gudu da kashi kaza, wancan ya fi wannan araha da kashi kaza, akwai wani sabo da aka ce zai fito ya karya farashin sauran. Ina ba shi amsa ɗaya: "Yaya, ma'ajiya nake nema." Sai ya turo mini wani bidiyon. Kwanaki suna ta tafiya, ina ta gina zauren a tsohon katina gutsure-gutsure, ban taɓa ganinsa a haɗe ba.

Da na ga wankin hula zai kai ni dare, na kai ƙara wurin Mama, ta sa shi ya ɗauke ni muka je kasuwar kayan kwamfuta. Shagon Dogo muka shiga, wani siririn mutum da ke sunkuyawa kafin ya wuce ƙofar shagonsa. Ya sauko mana da kwali biyu ya ajiye a kan gilashi. Ɗaya babba mai sheƙi, an zana wani jarumi da takobi a jiki, fanka uku, giga takwas. Ɗayan ƙarami, ba ado, fanka biyu, giga goma sha shida. Ƙaramin ya fi tsada, amma bambancin bai wuce kuɗin buhun shinkafa biyu ba.

"Wasa za a yi da shi ko aiki?" Dogo ya tambaya.

"Aiki," na ce. "Zanen gini."

"To ki ɗauki mai fanka biyun. Wancan ya fi shi gudu a wasa, amma in zane ya yi nauyi cikinsa zai cika."

Yaya ya yi murmushin da yake yi wa 'yan kasuwa. Ya ciro waya ya danna lissafi, ya juya wa Dogo fuskarta.

"Malam, duba nan. Wannan ya fi gudu, ya fi araha, ga fanka uku. Wancan ya fi tsada, ya fi nawa, fanka biyu. Ka ce in biya ƙari in sayi na baya? Ai na san wanda ya daɗe a kanta ake fara tura wa mutum."

"Yallaɓai, ni duk wanda ka ɗauka na yi ciniki," in ji Dogo, ya fara mayar da kwalayen.

A mota na sake gwadawa. Na ce masa abin kamar motar ɗaukar kaya ne, ba gudunta nake nema ba, bayanta nake nema, ko ta fi kowa gudu in kayana ba su shiga ba me ta yi mini? Ya ce misalin bai yi ba, kwamfuta lissafi ce, kuma lissafi ba ya ƙarya. Ya ce mu bari ya ƙara leƙa shago biyu. Na juya fuskata ga taga don kada ya ga idona, raina kuwa in ya yi dubu ya ɓaci.

Ana saura mako guda wata ya ƙare ya shigo gida da sallama mai ƙarfi, rungume da kwali. Tun daga ƙofa na hango jarumin da takobinsa. Ya dire shi a kan teburina, ya zaro canji daga aljihu ya ajiye a kai, a gaban Mama, yadda za ta gani.

"Ga katinki, ga ragowar kuɗinki. Sai da na sa Dogo ya ƙara ragewa."

"Yaya, ba shi na ce ba."

"Wannan ya fi wanda kika ce."

"Ba zai ɗauki aikina ba. Na faɗa maka, Dogo ma ya faɗa maka."

Mama ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta. "Ke Auta, wace irin rashin godiya ce wannan? Yayanku ya bar aikinsa ya yi ta yawo a rana saboda ke. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ki ce kin gode."

Na ce na gode. Na ce a bar kwalin a rufe mu mayar a canza, tunda ba a ɓare shi ba. Yaya ya yi dariya, ya sa farce ya tsaga ledar da hannunsa, wai don in ga kyawun abin in daina gardama. Ya ɗago katin yana juya shi a haske, yana nuna wa Mama fankokin ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana ta ma sha Allah.

Ba yadda na iya, na kwance kwamfutar na soka shi. Da farko har na fara jin kunyar kaina, domin ɗakin kwanan da tsohon katina ke wuni a kai, wannan kafin in gama shan ruwa ya fitar da shi. Na ce ko dai ni ce mai taurin kai. Sai na buɗe zauren otel ɗin gaba ɗayansa, kujeru jere-jere, kafet mai zanen ganye wanda mai otel ya zaɓa da kansa, fitilun ƙarau a sama, tukwanen furanni a gefe. Na danna don hoton ya fito. Fankoki uku suka tashi da ƙara, allo ya yi ɗan tunani, sai ga saƙo: ma'ajiya ta cika. Na sake dannawa, manhajar zanen ta rufe kanta. Na kashe na kunna, na sake, haka dai.

Na kira Yaya. Tsakani da Allah ya zo, ban hana shi wannan ba, washegari da rana ya zo. Ya ce in matsa. Ya zauna a kujerata, ya sa wasan tseren motarsa wai zai gwada lafiyar katin. Mota ta fito tana sheƙi, hanya tana gudu sumul, ruwan sama yana sauka a gilashi kamar gaske. Ya yi zagaye ɗaya, ya yi na biyu, ya manta da ni a tsaye a kansa. Sai da na taɓa kafaɗarsa.

"Kin gani? Lafiyarsa ƙalau. Ban taɓa ganin wasan nan ya yi kyau haka ba. Matsalar daga manhajarki ce, ko kuma ke ce kika cika kaya. Ki rage kujerun."

"Zauren taro ne, Yaya. In rage kujeru a zauna a ina?"

"To ni dai kati na saya, kuma kati yana aiki."

Na zare katin na mayar cikin kwalinsa, na koma wurin Dogo ni kaɗai. Bai ce mini "ai na faɗa" ba, kuma na gode masa da hakan. Ya duba ledar da aka tsaga, ya girgiza kai. Ya ce wanda aka buɗe ya zama na hannu, a farashin na hannu zai karɓa. Mai fanka biyun kuma saura ɗaya, sabon kaya ya shigo da tsada, ya ƙara kuɗi. Cikon da zan yi ya ninka canjin da Yaya ya dawo mini da shi har sau uku. Araha dai ba ta ado, amma ban taɓa sanin tana tuɓe wa mutum na jikinsa ba sai ranar.

Daga bakin shagon na kira Yaya na ce ya ranta mini cikon, in na samu aikin albashin farko nasa ne. Ya ce asara ce a sayar da sabon abu a farashin tsoho, ba zai sa hannu a ɓarna ba. Ya ce in ba shi kwana biyu ya bincika ko akwai wata dabara. Na san dabarar, wani bidiyon ne. Na kira yayata, ta ce nata kuɗin ma suna wurinsa, kuma ba za ta iya tambayarsa a kan wannan ba. Na tsaya a bakin titi da kwali a hannu, masu wucewa suna kallon jarumin da ke jiki, wani saurayi har ya ce mini, "Hajiya, kin more."

Na dawo gida na mayar da katin cikin kwamfutar, na yi abin da ya rage. Na kwashe furannin, na mayar da fitilun ƙarau fitilu na kawai, na rage kujerun baya, na sauke ingancin kafet da labule har sai da zauren ya yarda ya shiga giga takwas. Hoto ya fito. Daga nesa ba laifi. Ni da na san abin da na cire, kallonsa kawai nake yi ina jin zuciyata tana tafasa.

Ranar da na kai, Injiniya ya sa hoton a babban allon bangon ofishinsa. Mai otel ɗin yana nan, wani dattijo mai ƙiba da tabarau a goshi. Ya sauko da tabarau ɗin, ya matsa kusa, ya ce a jawo masa hoton kafet kusa ya gani. Injiniya ya jawo. Ganyen da mutumin ya zaɓa da kansa ya zama dabbare-dabbare kamar an shafa laka.

"Wannan ba kafet ɗina ba ne," ya ce. "Ina fitilun da muka yi magana? Kuma zauren nan mutum nawa zai ci? Na ga kamar rabi."

Na buɗe baki zan yi bayanin ma'ajiya, sai na ga ba shi da amfani. Me ya haɗa mai otel da giga? Injiniya ya rako ni har bakin bene. Mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba.

"Malama, hannunki yana da kyau, na gani tun a ɗakin farko. Amma ni ba zan iya kai wa mutane uzuri ba, hoto suke biya. Akwai wani da ya kawo nasa jiya, shi zan ba teburin. In kin gyara kayan aikinki ki leƙo, ko da yake ban san yaushe wuri zai sake samuwa ba."

Na sauko. Warin fentin shagon ƙasa ya bugi hancina, na tsaya a nan na yi kukana, mai shagon yana yi kamar bai gan ni ba.

A gida Mama ta ce haka Allah ya so, rabona ba ya can. Na yarda da ƙaddara, amma ƙaddarar nan na san wanda ya ɗauko ta a kwali ya kawo ta har teburina. Ban faɗa ba. Na koma kan katin gayyata, ina ƙara wa sunayen mutane girma, fankoki uku suna juyawa a banza a ƙarƙashin tebur.

Ranar hutun ƙarshen mako Yaya ya zo. Ya gaishe da Mama, ya sha shayinsa, ya yi mini jaje da fuskar tausayi, kuma na san har ransa yake jin tausayin, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Sannan ya gyara zama.

"Auta, na yi tunani. Tunda kin ce katin nan bai dace da aikinki ba, kuma katin biki ko tsohon naki zai yi, bai kamata ya zauna yana rage daraja ba. Ni zan saya. Gara kuɗin su tsaya a gida da a kai wa Dogo."

"Allah ya yi maka albarka," in ji Mama. "Kin ga ɗan'uwa ko? Wani da sai ya bar ki da kayanki."

Ya ciro waya. Ya ce ya bincika shago huɗu, ya ga yadda ake sayar da na hannu irinsa, ya ɗauki tsakiya don kada a cuci kowa. Ya cire wani abu saboda ledar da aka tsaga. Na dube shi in ga ko zai tuna farcen wa ya tsaga ta, ko gezau. Ya juyo mini da fuskar wayar kamar yadda ya juya wa Dogo. Lambar ta ɗan fi ta Dogo, da abin da bai kai kuɗin mota zuwa kasuwa ba.

"Kin ga na fi shi," ya ce.

Na durƙusa a ƙarƙashin tebur na kwance kwamfutar. Ƙusa ɗaya ta faɗi ta gangara ƙarƙashin firji, na bar ta a can. Na zaro katin, na sa shi a kwalinsa, na miƙa masa da hannu biyu yadda aka koya mana. Na ɗauko tsohon nawa daga cikin durowa, na hure ƙurar da ke kansa na mayar da shi gurbinsa. Sannan na miƙe na tsaya, ina jiran kuɗina.

Yaya ya maƙala kwalin a hammata, ya laluba makullin motarsa.

"Na zuba miki a ajiyarki," ya ce. "Canjin nan na kwanaki ma ki kawo in haɗa, kada ya bi ruwa. In kin ƙara tarawa sai ki yi mini magana, mu duba wanda ya dace."

Mama ta ce in je in ɗauko masa. Na shiga ɗaki na ɗauko, na ba shi, na raka shi har ƙofa da a gaida gida. Kafin la'asar saƙonsa ya shigo wayata, hoton allon falonsa ne, jar mota tana kan gaba a tsere. A ƙasa ya rubuta: "Kati ne na gaske. Ai na faɗa miki."